Zuriyar Kayinu da “Gidan Mayu”



A hutun da ya wuce wani ɗan zumuntarmu mai karatu a Sakkwato ya nuna mini littafin wani wasa a wayarsa, yana ɗari-ɗari kada in ce ya shiga ƙungiyar asiri. Sunan wasan Vampire: The Dark Ages, kamfanin White Wolf na Amurka ya fitar da shi a 1996. Ba na kwamfuta ba ne. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama kewaye da tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani matacce mai shan jinin mutane a Turai ta shekarar 1197. Ana jefa ƙwaya irin ta lido, sai dai mai fuska goma, don a san wanda ya yi nasara.

Abin da ya tsayar da ni shi ne asalin da aka ba masu shan jinin. Wai kakansu Kayinu ne, wanda ya kashe Habila, kuma la'anarsa ce take bin jini har ta rabu dangi 13. Wanda ɗan dangin Nosferatu ya ɗura wa jininsa, fuskarsa za ta lalace har abada. Na Malkavian tabin hankali ne gadonsa. Akwai dangin manya, akwai na ƙasƙantattu, kuma ba a tambayar halinka, jinin da ke jikinka ya riga ya yanke maka hukunci.

Ban shawarci kowa ya kwana yana kwaikwayon mai shan jini ba, akwai abin yi da ya fi wannan. Amma masu wasan nan sun san ƙirƙira ce. In dare ya yi sai su rufe littafi, kowa ya kama gabansa. Mu fa?

Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Kebbe zuwa Kuchi, wa bai taɓa jin an ce “gidan nan mayu ne” ba? An ce maita ƙanƙara ce a ciki, ana shan ta a nono, maye yana kama kurwar mutum ya cinye. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya fara sambatu, ya ambaci sunan tsohuwar da ke maƙwabtaka, shi ke nan an gama shari'a. A jawo ta a ce sai ta tsallake shi. Alhali zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa sambatu, haka ma sanƙarau, wanda ya yi ɓarna a jihohin Sakkwato, Zamfara da Kebbi a 2017. Lokacin da aka ɓata wajen neman mayya, da asibiti aka nufa da shi.

Abin kunyar shi ne maganar ta biyo mu har cikin majami'a. Na san wata 'yar'uwa, mawaƙiya, da aka fasa aurenta bayan an kai gaisuwa, don wata gwaggo ta raɗa cewa an taɓa zargin kakarta. Ba wanda ya ce ita ta yi wani abu. Masu fasawar kuwa ranar Lahadi suka karɓi jibin Ubangiji tare da ita, a layi ɗaya.

Ku buɗe Farawa sura 4 ku karanta da kanku. Babu shan jini a ciki. Shaidar da Allah ya sa wa Kayinu ta kariya ce, don kada wanda ya same shi ya kashe shi. Jikokinsa kuma ba dodanni ba ne: Yabal makiyayi ne, Yubal makaɗi, Tubal-kayinu maƙeri. Ezekiyel sura 18 ta tashi tsaye a kan wannan tunani, ta nuna ɗa ba ya ɗaukar laifin ubansa. Da almajirai suka nemi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubin iyayensa, a Yohanna sura 9, Yesu bai yarda ba.

Wani zai ce, to babu mugayen ruhohi ke nan? Akwai, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye ba. Amma gaskata cewa Shaiɗan yana aiki daban, nuna ƙofar wata gwauruwa da yatsa daban. Na biyun shaidar zur ce, in dai hujjarka mafarki ne ko sambatun mara lafiya.

Matasa, mu ne masu aure a gaba, mu ne kuma ake aika wa irin wannan raɗa a WhatsApp. In aka ce maka gidan su budurwarka mayu ne, tambayi mai maganar abin da ya gani da idonsa, sa'an nan ka kai zancen gaban fasto da dattawa a fili. 'Yar'uwar nan da na ambata har yanzu tana zuwa sujada, amma a bencin baya take zama, kuma ta daina waƙa.