Daga alli zuwa littafin kuɗi: Wanda ya haura shekara 30 ya makara da zama akanta?

Marigayi Alhaji Shehu Shagari malamin makaranta ne tun farko. Ya koyar a Sakkwato, ya koyar a Argungu, kafin siyasa ta ja shi. A 1971, yana da shekara 46, Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan kuɗi na tarayya bayan Cif Obafemi Awolowo ya sauka. Yana kan wannan kujera Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973. Shagari ba akanta ba ne, kuma muƙamin siyasa aka ba shi, wannan a bayyane yake. Amma duk ɗan Shagari ko Bodinga da ke jin cewa lissafin kuɗi na mutanen Legas ne kawai, ko na wanda ya karanta shi tun yana yaro, ya tuna mutumin garinsu da ya fara da alli.

Na kawo wannan ne saboda tambayar da ke yawo a majalisu da zaurukan WhatsApp: mutum ya kai talatin ko ya haura, yana koyarwa a firamare, ko yana zaune a rumfar POS, ko ya gama digiri a wani fanni yana jiran aikin da bai zo ba, shin ya dace ya juya akalarsa zuwa aikin akanta? Amsata ita ce eh, ya dace, amma ta ƙofar da mafi yawanmu ba ma kallo.

Mu fara da abin da ya canza. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Aiwatarwar dai tafiyar hawainiya take yi, kowa ya sani. Sai dai duk ranar da abin ya zauna, kowace daga ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, har da Shagari da Bodinga, za ta buƙaci mutanen da suka iya tsara kasafi, da adana takardun kashe kuɗi, da amsa tambayar odita ba tare da gumi ya karyo musu ba.

Na biyu, a 2024 an umarci masu POS su yi rajista da hukumar CAC. Na uku, a ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsara su fara aiki daga Janairun 2026. A cikinsu an yafe wa mai samun naira dubu 800 zuwa ƙasa a shekara harajin kuɗin shiga, an kuma sassauta wa ƙananan kamfanoni. To amma ga inda gizo ke saƙa: da me za ka nuna cewa kasuwancinka ƙarami ne idan ba ka da rubutu? Wanda cinikinsa ke cikin kansa kawai, idan jami'in haraji ya yi masa ƙiyasi, bakinsa ne kaɗai hujjarsa.

Yanzu ka bi titin Sakkwato zuwa Jega, ka ratsa Bodinga da Shagari, ka ƙirga masu shagon magani, da dillalan albasa da hatsi, da gidajen mai, da makarantun kuɗi, da ƙungiyoyin manoman rani. Nawa ne a cikinsu ke iya faɗa maka ribar watan jiya, a ware ta daga uwar kuɗi? Da yawa aljihu ɗaya ne: daga nan ake sayo kaya, daga nan ake cefane, daga nan ake gudunmawar biki. Sai a wayi gari shago ya rame, a ce maita ce ko baki. Wannan giɓi shi ne kasuwar sabon akanta, kuma babu wani kamfanin Legas da zai zo ya cike shi.

A nan ma shekaru riba ne. Alhajin da ke juya miliyoyi a kasuwar hatsi zai fi sakin jiki da magidanci ɗan shekara 35 da ya san gidansu, fiye da yaron da ya gama hidimar ƙasa jiya. Mai POS ya riga ya san zafin rufe lissafin dare a ga dubu biyar ta ɓace. Malamar makaranta ta saba da rajista da haƙurin bin layi ɗaya bayan ɗaya. Kuma ga 'yan'uwa mata wata dama ta musamman: matan da ke kasuwanci a cikin gida da masu adashi za su fi buɗe wa mace littafinsu.

Hanyoyin shiga a bayyane suke. Cibiyar ICAN, wadda aka kafa da doka a 1965, tana karɓar mai digiri ko HND a kowane fanni, ya fara daga matakin tushe, ya wuce na biyu, ya ƙare da na ƙwararru. Wanda bai da digiri yana da tsarin ATSWA, mai kashi uku, wanda ke neman kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, kuma wanda ya kammala shi ana ɗauke masa wasu darussa idan ya zarce. Ƙungiyar ANAN, wadda ta samu dokarta a 1993, tana da kwalejinta a Kwall kusa da Jos, kuma ta fi dacewa da wanda ya riga ya karanta akanta. Mai son makaranta kuwa, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, ga kuma jami'ar NOUN da ake karatunta daga gida.

Sai dai fa, gaskiya ɗaci gare ta. Abu na farko, lokaci. Wanda ya fara daga tushe yana aiki yana karatu, ya ƙaddara shekaru zai ɗauka, kuma faɗuwa jarrabawa a wannan fanni ba abin mamaki ba ne. Kowane zama da kuɗinsa, ga littattafai, ga kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa. Mai mata da 'ya'ya ya zauna ya yi wannan lissafi tun kafin ya biya rajista. Idan ka kasa tsara kasafin karatunka, wa zai ba ka nasa?

Na biyu, manyan bankuna da kamfanonin binciken kuɗi sukan sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sabbin ma'aikata, kuma galibi ba ta kai talatin ba. Duk mai yi maka bidiyo a TikTok cewa da ka samu takarda sai ofis mai sanyi, yaudararka yake yi. Na uku, manhajoji da ƙirƙirarriyar basira suna cinye aikin shigar da lambobi. Abin da na'ura ba ta iya ba shi ne zama da ɗan kasuwa a tattara rasit ɗin da ke cikin leda, a tambaye shi bashin da ya bayar da baki, a fassara masa sakamakon da Hausar da zai gane.

Saboda haka shawarata: kada ka ajiye aikin da ke hannunka. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ka koyi Excel da ƙa'idar shigar da kowane ciniki a ɓangare biyu, abin da ya shigo da inda ya fito. Ka nemi shago ɗaya, ko na ƙanin babanka ne, ka riƙe masa littafi wata uku kyauta: ciniki, sayayya, bashi, kayan da suka rage. A ƙarshe ka miƙa masa takarda shafi ɗaya da ke nuna riba ko asara. Idan a wata ukun nan ka ji aikin ya gundure ka, ka tsira da kuɗin rajista. Idan ka ji daɗinsa, ka samu shaida da kwastoman farko, sai ka shiga jarrabawa kana ganin abin da kake karantawa a zahiri. Ka kuma san iyakarka: riƙe littafi daban, sa hannu a rahoton binciken kuɗi daban, wannan sai mai lasisi.

Akwai abin da ya fi takarda nauyi, wato amana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, kuma ɗan kasuwa ba zai fitar da zakka daidai ba sai ya san abin da ya mallaka. Ranar da shugaba ko maigida zai ce ka ɗan gyara lamba tana nan zuwa. A gari irin Shagari, inda kowa ya san kowa, akantan da aka kama sau ɗaya ya gama aiki, ko da takardunsa sun cika jaka.

Wanda ya fara yana da shekara 32, ko ya ɗauki shekara biyar, zai gama yana 37, da sauran fiye da shekara ashirin na aiki a gabansa. Shekara 37 ɗin kuwa za ta zo, in Allah ya ba da rai, ko ya fara ko bai fara ba. Idan kana cikin masu wannan tunani, sayi littafi mai layi gobe, ka fara da kuɗin aljihunka na mako guda.