Sharhi: A tada tsohon babur mai hayaƙi ko a sayi sabo? Lissafin da ya sauya a Matamaye

A gidaje da yawa na Matamaye da ƙauyukan gundumar Kance akwai tsohon babur da aka jingine a zaure ko a bayan rumbu, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe shi. Wani Yamaha DT 125 ne da ya yi zamani a hannun malaman gona da ma'aikatan lafiya, wani kuma Jincheng ne da ya gaji da kabu-kabu. Tun da kuɗin sabon babur ya fi ƙarfin talaka, hankali ya fara komawa kan waɗannan tsofaffi. Sau da yawa ma ba a gida ake yanke shawarar ba: hoton babur ɗin ake turawa ta WhatsApp ga yaya ko ƙane da ke Aljeriya, Libiya, Legas ko Abijan, a ce ya taimaka da kuɗin gyara.

Kafin mai turo kuɗi ya amsa, akwai abin da ya kamata ya sani. Irin waɗannan babura masu cin fetur gauraye da baƙin mai suna da arahar gyara, amma suna da tsadar riƙo. A da, man Najeriya mai rahusa ne ke rufe wannan aibi. Yanzu wannan rufin ya yaye.

Yadda aka zo nan

Matamaye na kan hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Ɗan Barto, ta shiga Najeriya ta Kwangwalam zuwa Daura da Kano. Shekara da shekaru, fetur ɗin da gwamnatin Najeriya ke biya wa tallafi yana tsallakowa a jarka, ana sayar da shi a kwalabe bakin hanya ƙasa da farashin gidan mai. Ko bayan da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a watan Nuwamban 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, man kwalba bai bar kasuwar kan iyaka ba. A wancan lokaci babur mai zuƙar mai ba abin damuwa ba ne.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Wata biyu bayan cire tallafin sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Gwamnatin Nijar ta rage farashin lita zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, sai dai ƙarancin man da aka sha a watan Maris na 2025 ya nuna yadda ƙasar ta daɗe tana jingine da man fasa-ƙwauri ba tare da an sa shi a lissafi ba.

A ɓangaren sabon babur ma abin bai yi sauƙi ba. Faɗuwar naira ta sa mai sefa yana ganin kamar kayan Kano sun yi araha, amma babura da kayan gyaransu daga Cana da Indiya suke zuwa, da dala ake sayo su, don haka farashinsu ya bi dala ya hau. Mai neman abin hawa ya tsinci kansa tsakanin sabo mai tsadar saye da tsoho mai tsadar mai.

Me ya sa tsohon ke saurin tashi?

Injin DT 125 da na Jincheng AX100, wanda aka kwaikwaya daga Suzuki AX100, iri ɗaya ne da na ƙaramin janareton da kowa ya sani: inji mai bugu biyu. Fistin ya hau ya sauka sau ɗaya, wuta ta kama sau ɗaya. Ba shi da bawul da sarƙar da ke juya su kamar injin Boxer ko Kasea mai bugu huɗu, ba shi kuma da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasan inji. Ramuka ne a jikin silinda, fistin da kansa ke buɗe su yana rufewa. Wannan ya sa kayan cikinsa kaɗan ne, nauyinsa kaɗan, ƙarfinsa kuma ya fi girmansa.

Saboda haka bakanike mai hannu zai iya warware shi gaba ɗaya a ƙarƙashin rumfa da 'yan sifanu. Aikin da aka saba yi sananne ne. A duba silinda, in ta ci a kai ta wurin masu injin rarake ƙarfe a faɗaɗa ta, a sa fistin da zobba masu girman da ya dace, waɗanda ake ƙerawa mataki-mataki, kamar ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. A canza boris na kiranshaf da robobin da ke toshe gefensa biyu. A wanke kafireta, a ƙone baƙin da ya toshe salansa, a sa sabon fulogi, wato buji. Daga nan sai sarƙa, birki, taya da wayoyin wuta.

Robobin nan na gefen kiranshaf su ne abin da aka fi mantawa da shi, su ne kuma ke kashe inji. Babur ɗin da ya shekara biyar a ajiye, robarsa ta bushe ta tsage. In aka tada shi haka, iska za ta riƙa shiga ta inda bai kamata ba, mai ya yi ƙaranci a gaurayen, inji ya yi zafi, fistin ya kama. Mutum ya biya kuɗin sabon fistin, bayan mako biyu ya koma gidan jiya. Haka ma soson da ke tace iska: a ƙasa mai rairayi da ƙurar hunturu irin tamu, babur ɗin da ke yawo babu shi yana shan yashi ne kai tsaye.

Inda kuɗin ke zurarewa

Sauƙin nan yana da farashi. A inji mai bugu biyu, lokacin da sabon mai ke shiga silinda ƙofar hayaƙi tana buɗe, don haka wani kaso na fetur yana fita ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Ga kuma baƙin man da ake zubawa, wanda shi ma ƙonewa yake yi tare da fetur. Shi ne shuɗin hayaƙin da ke bin bayan babur, wanda mai tuƙi da fasinja da mai tuyar ƙosai a bakin titi duk suke shaƙa.

A ɗauki misali. Ɗan kabu-kabu ya hau tsohon babur da ke cin lita ɗaya a rana fiye da Boxer. A kan sefa 499, cikin kwana 26 na aiki ya yi asarar kusan jaka 13. A shekara ta haura jaka 150, ban da kuɗin man gauraye. Abin da aka yi murnar an rage wajen saye, gidan mai ya karɓe shi kafin shekara ta zagayo. Wannan lissafi ne ya sa Boxer ɗin kamfanin Bajaj na Indiya ya ture Jincheng mai hayaƙi a wurin 'yan acaɓa na Najeriya, tun ma fetur na da tallafi.

Sannan akwai batun gaurayen kansa. Yamaha ya sa wa DT famfon da ke auna baƙin mai da kansa, amma da yawa an cire shi ko ya mutu, sai a koma zuba mai a tanki da ƙiyasin ido. Awo yana da ƙa'ida: gaurayen kashi 1 cikin 50 na nufin mililita 20 a kowace lita, na 1 cikin 25 kuma mililita 40. Man da aka yi don wannan aiki shi ne mai alamar 2T. Wanda ya zuba man mota, ko wanda aka juye daga wani inji, ya tara wa kansa baƙi a zobba da salansa.

Kayan gyara: araha ba ta ado

Matsala ta biyu ita ce kayan gyara. Na asali daga Japan sun yi wuya, abin da ya cika kasuwa kwaikwayo ne, kuma shi ma hawa-hawa ne. Fistin biyu za su zo a kwali iri ɗaya da suna iri ɗaya, ɗaya ya yi shekara biyu, ɗaya ya yi wata biyu. Bakaniken Matamaye yana samun kayansa ne daga Kasuwar Dole ta Damagaram, ko daga Mai'aduwa da Daura, ko kuma ya aika Kano, inda kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa ta yi suna wajen tsofaffin ƙarafa. Duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa shi. An ga haka lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake gani a 2023. Babur na iya kwana wata guda a warware saboda boris ɗaya.

A nan 'yan ci-rani za su ga wani abin mamaki. A Turai da Amurka, tada tsohon babur mai bugu biyu na tseren daji abin sha'awa ne na masu hali. Kamfanin Honda ya daina ƙera samfurinsa na CR125 da CR250 bayan 2007, dokokin hayaƙi kuma sun kori irin wannan inji daga manyan tituna, sai tsofaffin suka zama abin nema, ana kashe musu kuɗi don a hau ranar hutu. Yamaha har yanzu yana ƙera YZ125 da YZ250 don 'yan tsere. Bidiyon da matasanmu ke kallo a YouTube da TikTok, inda ake mayar da ruɓaɓɓen babur sabo fil, daga wannan duniyar suke fitowa. Can mutum na odar kaya ta intanet su iso ƙofar gidansa, in babur ya ƙi tashi ya shiga motarsa. A Matamaye babur ɗin shi ne jarin gida, ranar da bai fita ba tukunya ce ke jira.

Wa gyaran zai amfana?

Duk da haka, da tsohuwar zuma ake magani. Akwai aikin da DT ya fi sabbin babura iyawa. An ƙera shi ne don hanyar da babu kwalta: doguwar ƙafa, babbar tayar gaba, ga rashin nauyi. Manomin rake ko mai lambu a fadamun Korama, mai sayen dabbobi da ke bin kasuwannin ƙauye, malamin makaranta ko ma'aikacin asibitin karkara da zai ratsa rairayi da damina, duk waɗannan tafiyarsu ba ta yini guda cur ba ce, kuma abin da suke bukata shi ne babur ɗin da ba zai kafe a yashi ba. A wurinsu ƙarin kuɗin mai kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin sabon babur.

Wanda zai yi kabu-kabu a cikin gari, daga safe har dare, lissafinsa daban ne. Gara a haɗa kuɗin gyaran da abin da 'yan gwangwan ko masu neman kayan gyara za su biya a kan tsohon, a nemi mai bugu huɗu ko da na hannu ne.

Mai turo kuɗi daga waje yana da haƙƙin ya yi tambaya huɗu kafin ya aika ko dala. Wane aiki babur ɗin zai yi? An buɗe injin an ga cikinsa, ko daga waje aka yanke kuɗi? Firam ɗin lafiya yake, ba a taɓa yi masa walda a wuya ba? Takardunsa na duwan da na mallaka suna nan, lambar jikinsa ta dace da su? Ta ƙarshen ba ƙaramar magana ba ce. A yankin da aka taɓa hana hawa babur saboda tsaro, kamar Diffa a 2015 da wasu sassan Tillaberi a 2020, da Kano da ta hana acaɓa a Janairun 2013, babur marar takarda na iya jawo wa mai shi abin da ya fi asarar kuɗi.

Hannun da ya iya

Abin da ya fi baburan daraja shi ne mutanen da suka san cikinsu. Gundumar Kance na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar, da mutum kusan 400,000 a ƙidayar 2012, gonaki kuma sai ƙara tsukewa suke yi. Ƙasar nan ba ta manta da watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wannan yanki. Duk sana'ar da za ta riƙe matashi a gida abin a duba ce da idon basira.

Yaron da ya koyi warware inji mai bugu biyu ya sami mabuɗin janareto, ya kuma kama hanyar gane injin ban-ruwa da na niƙa. Amma koyon gareji na tafiya ne da gwaji da kuskure, babu ma'aunin silinda, babu littafin kamfani. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke ƙananan hukumomi da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a za su iya cike wannan giɓi da abu mai sauƙi: gajeren horo ga iyayen gidan gareji kan awo da gane jabun kaya, da taimaka wa ƙungiyar bakanikai ta mallaki injin rarake silinda a cikin gari, don a daina ɗaukar inji zuwa Damagaram ko Kano. 'Yan ci-ranin da ke tara kuɗi a ƙungiyoyin gari su ma za su iya sa hannu a nan. Kuɗin babur ɗaya na ɗaukar mutum ɗaya, kayan aikin gareji kuwa na ciyar da mai gida da yaransa, su kuma tada baburan gari.