An aika wa kowa, amma wa ya karanta a Kaya?

Ga ma'aikacin da ke riƙe da babbar kwamfutar wata hukuma, aika imel ga duk mai rajista aikin minti ɗaya ne: ya rubuta, ya zaɓi sunaye gaba ɗaya, ya danna. Sauƙin nan ma yakan jawo rigima. A watan Nuwamban 2016 wani saƙon gwaji ya kuɓuce a hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ya faɗa akwatunan ma'aikata kusan 840,000. Masu mayar da amsa suna roƙon a cire sunansu suka ƙara cunkushe hanyar, har saƙonnin aiki suka koma tafiyar hawainiya.

A Kaya, ta ƙaramar hukumar Maradun a jihar Zamfara, matsalar daban ce. Saƙo yana fita daga ofis, amma ba ya isowa hannu.

A dubi yaron da zai zauna jarrabawar JAMB. Dole ya ba da adireshin imel, don haka ya hau mota zuwa Talata Mafara, mai shagon kwamfuta ya buɗe masa, ya rubuta masa kalmar sirri a guntuwar takarda. Yaron ya cusa ta a aljihu, ranar wanki ta bi ruwa. Daga nan duk sanarwar da aka tura tana can kwance a akwatin da ba mai buɗewa, su kuwa a ofis sun rubuta cewa an sanar da kowa.

Saƙon tes ya fi imel kusa da talaka, amma shi ma da sauransa. Shirin takin zamani na wayar salula da ma'aikatar gona ta fara a 2012, zamanin minista Akinwumi Adesina, ya dogara ne ga manomi yana da waya da sabis. Saƙonnin korona da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta riƙa turowa a 2020 kuwa akasarinsu da Turanci suka zo, sai dattijo ya nemi ɗan makaranta ya fassara masa.

Mutanen Kaya sun ga iyakar saƙon waya da idonsu. Ranar 1 ga Satumban 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta garin. Kwana biyu bayan haka, bisa buƙatar gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle, hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara. Makonni aka yi labari yana tafiya ta rediyo, da bakin direbobi, da sanarwar masallaci.

Don haka hukumar da ke son manoman rani na madatsar Bakolori, daga Maradun zuwa Bakura, su ji ranar sakin ruwa ko rabon taki, ta tura imel ɗinta in ta ga dama. Amma ta haɗa da saƙon murya da Hausa, ta kai takarda fadar hakimi, ta ba liman ya karanta ranar Juma'a, ta kuma biya mai shela ya zaga kasuwa.