ZANCEN AKAWU: Sunan Baƙo a Kasuwar Zhanxi Lu



A fitowar da ta wuce na yi muku alkawarin zancen kuɗin makarantar yara, amma ku gafarce ni, wata magana ta sha gabansa. Wani ɗan wana, ba ni faɗin sunansa don uwarsa na karanta wannan takarda, ya komo daga ƙasar Sin ransa a ɓace. Ya tafi birnin Guangzhou, wanda Turawan da ke kira Kanton, da jarin da ya yi shekara huɗu yana tarawa, haɗe da kwasar adashin gwaggonninsa biyu. Ya shiga Zhanxi Lu, watau titin nan da ke dab da tsohuwar babbar tashar jirgin ƙasa, inda ake sarin takalma da agoguna da tufafi, bene bisa bene. Ya zaɓi takalma, aka buga lissafi, kuɗinsa suka kasa. Sai ya roƙi mai kantin ta ɗaga masa cikon har kaya su sauka Tema. Ya fid da takardar bankinsa ta Kumasi, da wata wasiƙa da ni na buga masa da hannuna, mai shaida cewa shi ɗan asali ne. Matar ta ɗora waya a kai ta fassara, ta yi murmushi, ta miƙa masa abinsa, sa'an nan ta sa aka janye kwali goma sha biyu.

Da ya zo gaishe ni ya ce, "Baba, mutanen nan sun raina mu." Na ce masa, "Yaro, ba raini ba ne. Ba ta san ka ba, ni ma da na rubuta wasiƙar ba ta san ni ba."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce jikan fatake ne ke wannan kuka. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga neman goro, wa ya san su ran da suka sauka? Baƙo ya kan sauka gidan maigida ne, a ba shi masauki da tuwo, a ajiye masa kuɗinsa, a haɗa shi da dillali. Da yaƙin 1892 ya watse Salaga, mutane suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara, wannan tsari suka ɗauka suka tafi da shi. A Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, bashi a ke sayar wa mahauta Yarabawa da shanu, kuma maigida ne mai lamuni. Kadan mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ke biyan mai shanu daga aljihunsa, don haka ya san kowane mahauci ciki da bai: nawa ya ɗauka bara, yaushe ya biya, wa ke binsa. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna cikinsu ya rubuta littafi a kan wannan a 1969. Mu kuwa ba mu bukatar littafi, a zauren kakanninmu aka yi abin.

To, a Sin ma akwai irin wannan ajiyar suna, sai dai kashi biyu ce. Ta farko ta hukuma ce. Tun 2006 Babban Bankin Sin ke riƙe da rajistar bashi ta ƙasa duka, inda bankuna ke kai labarin wanda ya ci bashi ko ya karɓi katin bashi, da yadda ya biya. A 2015 kuma kamfanin da ke da Alipay ya fito da nasa ma'auni mai suna Zhima, yana ba mutum maki daga 350 zuwa 950. Amma fa ɗan Zango da ya shiga da bizar kasuwanci ta 'yan makonni kada ya sa rai a nan. Buɗe asusun banki ma da wuya gare shi, balle katin bashi, wanda a kan nemi takardar zama da shaidar albashi kafin a bayar. Tun 2023 baƙo na iya ɗaura katinsa na gida a Alipay ko WeChat ya biya kuɗin mota da na abinci, amma sayen shinkafa ba cin bashi ba ne, ba ya shiga rajistar Babban Banki. Sunan kirkin da ka yi a bankin Kumasi ko na Kano kuwa, a filin jirgi ka baro shi.

Ajiya ta biyu ita ce tamu, tana cikin littafin mai kanti da wayarsa. Ga yadda na ji daga waɗanda suka daɗe suna bin hanyar. Zuwan farko kuɗi hannu ne, ba wata magana. In ka ba da aikin da za a yi maka a masana'anta, al'adar ita ce ka ba da kafin alƙalami kashi 30 cikin ɗari, ka cika sauran 70 kafin kaya su bar sito. Sai ka yi haka sau uku, sau huɗu, a kanti guda, ba ka saɓa rana ba, sa'an nan wata rana mai kantin da kansa zai ce ɗauki ƙarin kwali biyar, ka aiko in ka sayar. Wannan kwali biyar shi ne jarrabawar. Kuskuren samarinmu shi ne tsalle-tsalle: yau wannan kanti, gobe wancan, don an rage musu yuwan biyu a kan takalmi. Ya yi zuwa goma, amma ko'ina baƙo ne.

Maigida ma bai mutu ba, tufafi ya sake. Yau shi ne mai kamfanin ɗaukar kaya da ke zaune can wajen Xiaobei ko Sanyuanli, yana jin harshensu, yana da sito. In ya ce wa mai kanti "yarona ne," an gama. Saboda haka ku bincika wanda za ku sauka hannunsa tun kuna gida, gama in shi maci amana ne, warinsa zai bi ku. Ranar Juma'a a masallacin Xianxian, wanda ba shi da nisa da tashar, inda a ke cewa kabarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ke, nan labarin kowa ke yawo tsakanin mutanenmu, wanda ya biya da wanda ya shuɗe da kuɗin mutane.

Akwai abubuwan da ke shafe suna dare ɗaya. Dokar shige da fice da ta fara aiki ran 1 ga Yuli 2013 ta sa tarar yuwan 500 a kowace ranar da mutum ya ƙara bayan bizarsa ta ƙare, har zuwa 10,000, ko a tsare shi. Wanda aka kora yana iya yin shekaru ba a bar shi ya koma ba, to da wace ƙafa zai je ya biya ciko? Wanda ya sauka gidan wani ba otal ba, lalle ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24. Kuma Zhanxi Lu ta yi suna wajen agogunan jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. In kwastan suka kama, kaya sun tafi, bashi na nan. Mu da iyayenmu suka ga korar baƙi ta 1969 a nan Gana, muka kuma ji yadda aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya a Guangzhou cikin Afrilu 2020, bai kamata a koya mana darajar takarda ba.

Ni akawu ne, ba ni barin zancen rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, amma sai ka ga mutum ya ba da dala dubbai ba ko rasit. Ku karɓi rasit mai hatimin kanti, ku ɗauki hotonsa, kada ku goge saƙonnin WeChat. A gida kuma, tun da aka yi dokar rajistar bashi ta 2007, ɗan rancen da ka ci ka yi watsi da shi yana iya tare maka hanya ran da ka ke neman babba. Wanda ke gudun riba, bashin kaya ya ishe shi, amma ya riƙa bi da cinikinsa ta asusu, don ita ce shaidar da ofishin biza ke dubawa.

Ɗan wan nawa ya sayar da fiye da rabin takalman, ya kai wa gwaggonninsa lissafi a rubuce. Ya ce in ya koma zai nemi wani kanti, na ce a'a, wurin matar nan da ta janye kwali goma sha biyu za ka koma, da tsohon rasit a hannunka. Ya amsa, ko da ya ke fuskarsa ba ta amsa ba.

Zancen kuɗin makaranta sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Haza wassalam.

Naku,
Akawu