Tafkin Ninkaya Da Tsimin Ruwa

A farkon shekarar 2018, bayan fari na shekara uku a jere, birnin Keftawun na ƙasar Afirka ta Kudu ya kusa wayar gari famfo a bushe. Daga ran 1 ga watan Fabrairu hukumar birnin ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, sha da girki da wanka duk a ciki, aka kuma hana zuba ruwan famfo a tafkunan ninkaya. Damina ce ta wannan shekara, da tsimin da jama'a suka yi, suka fid da su.

Mu a namu gani, masu otal-otal da kulob-kulob na biranenmu su ne na farko da ya kamata su yi wa wannan labari karatun ta-natsu. Tafki irin na gasar Olamfik, mai tsawon mita 50, faɗi 25, zurfi 2, yana cin lita miliyan biyu da rabi, watau rabon mutum 50,000 na yini guda bisa ma'aunin Keftawun.

To amma ba cikawar farko ce babbar ɓarna ba. Rana da iska su ne ɓarayin. Ƙaramin tafki mai mita 10 da mita 5, in ruwansa ya sauka da milimita 5 kacal, lita 250 ke nan ta tafi, rabon mutum biyar, ba wanda ya ko jiƙa ƙafa. Wanda ya san zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu a nan Arewa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Maganin kuwa ba wuya: a rufe tafkin da tamfol duk sa'ad da ba kowa ciki. Mai shakkar yoyo ya cika bokiti, ya ajiye a matakalar tafkin, ya sa alama. In ruwan tafkin ya riga na bokitin sauka, akwai tsaga, a nemo magini. Matatar yashi kuma a wanke ta in ta toshe, ba don al'ada ba.

Wani zai ce ai rijiyar burtsatse tasa ce, shi ya haƙa da kuɗinsa. Gaskiya ne, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba, daga nan maƙwabcinsa da ɗan garuwan unguwa suke ɗiba. Saboda haka muna kira ga hukumomin ruwa na jihohi su sa wa kowane tafki mita, su kuma sanya murfi cikin sharuɗɗan ba da izinin gina shi.