Haƙuri Ba Adashi Ba Ne

Yau da kanmu za mu yi.

Mu dubi labaran da muke turowa zauren nan. Yarinya ta sha wuya a hannun kishiyar uwa, ta yi shiru, ta ci kuka, a babin ƙarshe sai ga Alhaji da tsaleliyar mota. Mu rufe da mahaƙurci mawadaci, a yi ta tafi. Mun mayar da haƙuri adashi: zuba wahala, kwashi arziki.

Wa ke karanta mu? Manomin Kurfi da ya bar gonarsa saboda 'yan bindigar dajin Rugu. Iyaye irin na ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka sace a watan Oktoban 2023. In haƙuri kullum biya yake yi, wanda bai ga biya ba mun gaya masa nasa haƙurin ne bai cika ba. Wannan zalunci ne da alƙalami.

Maƙwabtanmu Kirista suna da koyarwa a kan wannan, kuma da Hausa take, don tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu. Wasiƙar Yakubu, sura ta 1, ta ɗauki wahala a matsayin gwajin bangaskiya, amfaninta kuma jimiri. Bulus, a sura ta 5 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya jera abin hawa-hawa: daga wahala zuwa jimiri, daga jimiri zuwa halin da ya ci gwaji, daga nan zuwa sa zuciya. Babu mota a jerin. Mutumin ne ke sauyawa, aljihunsa yana iya zama yadda yake.

Za a ce ai Ayuba ma an ninka masa dukiya. Gaskiya ne, amma a sura ta 42, ta ƙarshe. Kafin nan ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta tambaya, ya yi musu da abokansa uku da suka dage cewa laifinsa ne ya jawo masa. A ƙarshe su aka tsawatar wa. 'Ya'yansa goma da suka mutu kuwa ba su dawo ba, wasu aka haifa. Mai jimiri yana magana, yana kuka, bai dai saki igiya ba. Taurarinmu kuwa mun ɗinke musu baki, muka kira hakan tarbiyya.

Me ya hana mu sanin wannan? A labaranmu Kirista baƙo ne mai shagon magani. Alhali ga Hausawa Kirista a Malumfashi da Kafur, kuma a 2023 da aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, Bahaushe aka naɗa bishop, Gerald Mamman Musa. Ba a ce kowa ya bar aƙidarsa ba. Marubucin da bai san yadda maƙwabcinsa ke ɗaukar masifa ba, rabin garinsu ya sani.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuto gajeren labari wanda tauraronsa ya yi asarar da ba ta dawo ba. Kada Alhaji ya zo, kada gado ya faɗo. A nuna mana yadda ya tashi washegari, da wanda ya zauna kusa da shi, da abin da ya sauya a halinsa. Wanda bai yarda da mu ba, ga fili nan a ƙasa.