Madubin Cikin Kyamara Ya Gama Aikinsa

Gabatarwa

Duk malamin da ke koyar da ilimin halittu ya san wahalar nuna wa ɗalibai hamsin ko sittin abu guda a ƙarƙashin mikroskof ɗaya. Kafin ɗalibi na ashirin ya sa idonsa, ɗigon ruwan kududdufin ya bushe, ƙwayar halittar da ake so a gani kuma ta mutu ko ta yi iyo ta bar wurin. Haka abin yake a daji, domin fara ba ta jiran aji ya taru, tsuntsu kuwa da ya ji motsi sai ya tashi. Hoto ne ke tsayar da waɗannan abubuwa har kowa ya gani, kuma masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Saboda haka kyamara kayan aiki ce a ɗakin gwaji kamar sikeli ko ma'aunin zafi, kuma ya wajaba a yi nazari kafin a zuba kuɗin makaranta a kanta.

Shekara da shekaru, babbar kyamarar nan mai madubi a ciki, wadda aka fi sani da DSLR, ita ce burin duk mai son hoto mai inganci. Yanzu kuwa manyan kamfanoni sun karkata ga ƙaramar ƙanwarta marar madubi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, makaranta ko malamin da zai sayi kyamara a yau domin nazarin halittu ya nufi marar madubi. Dalilan haka na kimiyya ne, kuma ɗalibin sakandare zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

Asalin Madubin

Kimanin shekara dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, masanin da aka haifa a Basra ya kuma yi aiki a Alƙahira, ya yi bayanin yadda haske kan bi ta ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya zana siffar abin da ke waje a kife a jikin bango. Kowace kyamara irin wannan ɗaki ce. An dai maye gurbin kafar da lensi, wato gilashin da ke tattara haske, an kuma maye gurbin bangon da fim.

To amma fim yana da sharaɗi guda: sau ɗaya tak yake karɓar haske, don haka dole ya zauna a rufe har lokacin ɗauka. Ta yaya ke nan mai hoto zai ga abin da lensi ke gani? Wasu kyamarori sun yi masa wata tagar leƙe daban a gefe, amma abin da tagar ke nunawa ba ya yin daidai da abin da ke faɗawa kan fim, musamman idan abin yana kusa. Mai karatu zai iya gwada wannan da kansa: ya ɗaga yatsa a gaban fuskarsa, ya rufe idon dama sannan na hagu, zai ga yatsan yana tsalle. Ga mai ɗaukar hoton ƙwaro daga tazarar taƙi guda, wannan bambanci ya isa ya fitar da ƙwaron daga hoton gaba ɗaya.

Maganin da aka samo shi ne a jingine madubi a bayan lensi a kan kusurwa 45. Madubin yana karkatar da haske sama, wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar ya miƙar da siffar, ya kai ta idon mai hoto. Da an latsa maɓalli sai madubin ya yi tsalle sama, labule ya buɗe, haske ya sauka kan fim, sannan madubin ya dawo mazauninsa. Wannan dabara ce ta ɗaukaka kyamarori irin su Nikon F ta 1959.

Da Fim Ya Tafi

A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro wani faranti mai mayar da haske lantarki a Amurka, aikin da ya samar musu kyautar Nobel a 2009. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai nauyin kilo 3.6, wadda kan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kan kaset. Nikon D1 ta fito a 1999, sannan Canon EOS 300D ta 2003 ta sauko da farashi ƙasa da dala dubu. A cikin waɗannan biyun na ƙarshe an cire fim ne aka dasa farantin haske a gurbinsa, aka bar madubin yadda yake.

Sai dai farantin ba shi da sharaɗin fim. Yana iya zama a buɗe yana karɓar haske ba yankewa, yana aika siffar zuwa allo. Ke nan matsalar da aka ƙirƙiro madubin dominta ta kau. Masu nazarin halittu sun san irin wannan al'amari. Wanda ya duba mesa da kyau zai ga wasu ƙananan ƙaho biyu kusa da gindin wutsiyarta, waɗanda su ne ragowar ƙafafun baya da ba ta tafiya da su. Matsayin madubin ke nan a cikin kyamarar dijital. Gaskiya ne ya daɗe yana yin wani aiki na biyu, wato tura wani ɓangare na haske zuwa na'urar da ke saita hoto ya fito tar, shi ya sa marasa madubi na farko suka kasance masu nawa wajen saiti. Daga baya an dasa wannan na'ura a kan farantin kansa, sai aikin na biyu ma ya ƙare.

Kamfanonin Panasonic da Olympus ne suka buɗe wannan hanya a 2008, shekarar da Lumix G1 ta fito. Sony ta fitar da A7 mai babban faranti a 2013, Canon da Nikon kuma suka shigo da nasu manyan a 2018. A 2020 yawan marasa madubi da kamfanonin Japan suka fitar ya zarce na masu madubi, kuma a ƙarshen 2021 shugaban Canon ya bayyana cewa EOS-1D X Mark III ce ta ƙarshe a jerin manyan kyamarorinsu masu madubi.

Ribar Mai Nazarin Halittu

Riba ta farko ita ce rashin girgiza. Tsallen madubi yana girgiza kyamara kaɗan. A hoton biki ba wanda zai lura, amma idan aka ɗaura kyamarar a kan mikroskof mai ƙara girman abu sau 400, girgizar ma sai ta ƙaru, ƙwayoyin fatar albasa su fito dishi-dishi. Marar madubi, idan aka sa ta a kan labulen lantarki, ba abin da ke motsi a cikinta.

Ta biyu ita ce shiru. Mai son ɗaukar tsuntsayen da ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru lokacin sanyi, ko ƙadangaren da ke shan hantsi a kan katangar makaranta, zai iya ɗaukar hoto goma ba tare da ƙarar da za ta firgita dabbar ba. Ga mai nazarin ɗabi'ar dabbobi wannan babban abu ne, domin dabbar da ta firgita ta daina yin abin da aka zo gani.

Ta uku ta shafi koyo. Abin da mai hoto ke gani a tagar leƙe ta marar madubi shi ne hoton da zai samu, da haskensa da duhunsa, kafin ya latsa maɓalli. Yana kuma iya ƙara girman wani sashe ya tabbata gashin ƙafar ƙudan zuma ya fito sarai. Idan aka jona ta da talabijin, ajin gaba ɗaya zai kalli ƙwayar halitta tana iyo a lokaci guda. Kyamara mai madubi ma tana iya yin haka, amma sai ta ɗage madubinta sama ta bar shi a can, wato sai ta mai da kanta marar madubi.

Ta huɗu ita ce sauƙin ɗauka. Tazarar da ke tsakanin mazaunin lensi da faranti a tsohon tsarin Nikon milimita 46.5 ce, domin a bar wa madubi wurin tsalle, a sabon tsarin kuwa milimita 16. Nikon D850 mai madubi ta ɗan haura kilo ɗaya, alhali Z7 marar madubi, mai faranti iri ɗaya a girma, giram 675 ce. Ƙananan na Olympus da Panasonic, masu faranti na milimita 17.3 da 13, suna da wata fa'ida: lensi mai milimita 300 a kansu yana kusanto da abu kamar mai 600 a kan babban faranti, kuma nauyinsa bai kai na wancan ba.

Wannan gajeriyar tazara ta haifar da riba ta biyar. Da ɗan zoben haɗi ana iya ɗaura tsofaffin lensi a kan sabuwar kyamara. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma lensi mai kyau yakan daɗe fiye da kyamarori da dama.

Hujjojin Masu Ja

Masu riƙe da tsohuwar kyamara suna da hujjoji, kuma ba duka ne sabo da ake kira turken wawa ba. Mafi ƙarfinsu ita ce ƙura. Idan aka cire lensin mai madubi, madubi da labule suna tsaye a gaban faranti. A yawancin marasa madubi kuwa farantin a fili yake. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe ƙasar Hausa da hazo, ƙwayar ƙura ɗaya za ta bar tabo a kan kowane hoto. Idon ɗan Adam, wanda shi ma haske ke sauka kai tsaye a kan tantaninsa ba tare da madubi ba, yana da hawaye da ƙiftawa masu wanke gabansa. Kyamara kuwa tana da gilashin da ke karkarwa ya kakkaɓe ƙura, dabarar da Olympus ta fito da ita a 2003, amma ba ta wadatarwa ita kaɗai. Dole ne a canja lensi a cikin ɗaki, kyamarar a kashe, bakinta yana kallon ƙasa, a kuma hura ƙura da ƙaramin mahuri na roba. Iskar baki tana da danshi, gefen riga kuma yana karce faranti.

Hujja ta biyu batir ce. Allo da faranti suna cin wuta muddin kyamara na kunne. An ƙiyasta Nikon D3500 mai madubi za ta ɗauki hoto 1,550 da caji ɗaya, alhali ƙananan marasa madubi da yawa ba su wuce 300 zuwa 400 ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, dole a sa kuɗin batir na biyu a cikin lissafi tun farko. Abin da ya rage zafin matsalar shi ne, da yawa daga cikin sababbin ana iya cajinsu da batirin tafi-da-gidanka irin na wayar hannu.

Ta uku, labulen lantarki yana karanta faranti ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, don haka fiffiken tsuntsu mai saurin kaɗawa kan fito a lanƙwashe. Wanda zai auna siffar fiffike sai ya koma kan labulen ƙarfe, wanda yawancinsu ke da shi.

Akwai kuma masu cewa wayar hannu ta isa. Lallai kyamarar waya ma marar madubi ce, kuma ɗalibin da ya kanga ta a bakin mikroskof zai sami abin nunawa. Amma farantinta ƙarami ne ƙwarai, ba a canja mata lensi, kuma takan gyara hoto da kanta ba tare da ta faɗa ba. Hoton da za a kafa hujjar kimiyya da shi yana bukatar a san abin da aka yi masa.

Kammalawa

Makarantar da ke da kyamara mai madubi mai lafiya ta ci gaba da aiki da ita, domin hotonta bai ragu da komai ba don an daina yayinta. Kuɗin da za a kashe a musanya ya fi amfani idan aka sayi lensin ɗaukar ƙananan abubuwa, da maƙafa mai ƙafa uku, da zoben haɗa kyamara da mikroskof. Amma wadda za ta saya sabo, ko wadda tata ta lalace, kada arhar tsofaffin kyamarori a kasuwar kayan hannu ta ja ta, domin tsari ne da yawancin masu ƙera shi suka daina faɗaɗawa. Ta nemi ƙaramar marar madubi ko da ta hannu ce, ta riƙe tsofaffin lensinta, ta tanadi batir biyu da mahurin ƙura. Daga nan kuma a fito da ita daga durowar shugaban makaranta a danƙa wa ƙungiyar ɗalibai ta kimiyya, su riƙa ɗaukar tsirrai da ƙwarin da ke harabarsu damina da rani, suna rubuta ranar da wurin kowane hoto. Bayan shekara goma, wannan kundi zai nuna wa ƙannensu abin da ya ƙaru da abin da ya ɓace a muhallinsu.